DAGA JAKAR MASU SAURARO: Ina Ake Jin Kiɗan Gargajiya A Birnin Dablin?

Ina gaida manoman da ke bakin aiki, da 'yan kasuwar da ke kan hanya, da waɗanda suka jingina rediyo a gindin bishiya suna jiran a zo kan tasu takardar. A yi haƙuri, jaka ta cika, amma kowa za a zo kansa in Allah ya yarda.

Yau wasiƙa ɗaya za mu ɗauka, don amsarta tana da tsawo. Ta fito ne daga wani Alhaji mai sayar da hatsi a jihar Katsina, wanda ya roƙi a sakaya sunansa, mun kuwa sakaya. Ga abin da yake cewa a taƙaice. Ɗansa na fari ya sami tafiya karatun aikin jinya a birnin Dablin na ƙasar Ailan, yau wata takwas ke nan. Yaron tun yana ƙarami mai son kiɗa ne, in ana goge ko kalangu a gari ba ya zama a gida. To, kwanan baya da suka yi waya sai ya ce wa uban yana neman inda mutanen ƙasar suke kiɗansu na gargajiya, an kuwa ce masa sai a gidajen giya. Alhaji ya ce tun ranar bai yi barcin kirki ba, don ya san zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Tambayarsa ita ce: shin gaskiya ne a gidan giya ake kiɗan gargajiya a can, ko dai yaron hanya yake nema? In kuma gaskiya ne, yaya baƙo zai bambanta wurin kirki da na banza?

To Alhaji, Allah ya ƙara girma, ka fara kwantar da hankalinka. Yaronka bai yi maka ƙarya ba. A ƙasar Ailan yawancin kiɗan gargajiya a mashaya ake yin sa, kuma giya ake sayarwa a wurin, ba zan ɓoye maka ba. Ni da kaina na gani, don a shekarar 2019 an tura ni wani gajeren kwas na aikin rediyo a Dablin, na yi mako uku, da yake kuma ni ma kunnena yana son kiɗa, sai da na bi sawun abin. Hukuncin shiga irin wannan wuri na malamai ne, ni takardar koyarwa gare ni, ba ta fatawa ba. Nawa shi ne in bayyana maka yadda abin yake, da yadda aka yi ya zama haka, da hanyoyin da ake bi a same shi, har da waɗanda ba su bi ta ƙofar mashaya ba. Sunayen wuraren da zan ambata za su fito a jarida yadda masu su suke rubuta su, sai ka yanke shafin ka aika wa yaron.

Bari mu fara da ƙasar, saboda masu sauraron da ba su taɓa jin sunanta ba. Ailan tsibiri ne a yamma da Ingila. Yawancin tsibirin ya fita daga mulkin Ingila a 1922, ɓangaren arewa kuma ya zauna cikin Birtaniya har yau. A ƙidayar 2022 mutanen Jamhuriyar Ailan sun ɗan haura miliyan 5, watau ba su ma kai mutanen jiharku ba, Alhaji. Asalinsu manoma ne da makiyaya, masu shanu da tumaki da sha'ir da dankalin Turawa. Dankalin nan shi ne tuwonsu. Da wata cuta ta faɗa masa a 1845 sai aka shiga yunwa ta shekaru, mutum wajen miliyan 1 suka mutu, fiye da miliyan 1 kuma suka tsallaka teku neman abinci. Tun daga nan tafiya ci-rani ta zame musu jiki.

Kiɗan nasu kiɗan manoma ne. A da cikin gida ake yin sa, a ɗakin girki, gaban murhu, bayan an tashi daga gona, ko ranar biki, ko daren da ake ban kwana da wanda zai tafi Amurka. A jaye kujeru gefe, mai goge ya zauna a lungu, samari da 'yan mata su yi ta rawa. In lokacin zafi ya zo kuma a fita mararrabar hanya a yi a can. Abu biyu ne suka fitar da shi daga gida. Na farko doka. A 1935 gwamnatinsu ta kafa doka cewa ba a taron rawa na jama'a sai da lasisi, limaman coci da 'yan sanda suka matsa wa rawar cikin gida lamba, har ta yi ta mutuwa ƙauye bayan ƙauye.

Na biyu shi ne ci-ranin nan da na faɗa. Bayan yaƙin duniya na biyu samarinsu da yawa sun tafi Landan aikin gini da haƙar hanya. Suna kwana a ɗakunan haya, mutum uku ko huɗu a ɗaki ɗaya, uwar gida kuwa ba za ta yarda a ja mata goge da dare ba. Wuri ɗaya da ɗan ci-rani zai sami ɗumi da kujera da mutanen garinsu shi ne mashaya. Sai mai goge ya zo da gogensa, mai sarewa ya zo da tasa, su zauna a lungu su yi ta tuna gida. Masu binciken tarihin abin sukan ambaci wata mashaya mai suna Devonshire Arms a unguwar Camden Town ta Landan, a shekarar 1946, a matsayin inda aka fara. Daga baya al'adar ta komo gida Ailan. Ka ga ashe, Alhaji, kiɗan ya girmi zamansa a mashaya da ɗaruruwan shekaru. Baƙo ne da ya rasa masauki, mai mashaya ya ba shi ɗaki.

Yanzu bari in kwatanta muku zaman kansa. Su suna ce masa seshan, wannan ita ce kalmar da yaron zai riƙe in yana tambaya. Makaɗa biyar ne ko goma, wani lokaci fiye, su kewaye tebur a lungu suna fuskantar juna, sun ba sauran jama'a baya. Babu dandamali, babu lasifika, babu takarda a gabansu, duk da ka ake yi. Wani ya ɗauko take, waɗanda suka san shi su bi, a maimaita shi sau biyu ko uku, sa'an nan a zarce cikin wani taken ba tare da an tsaya ba. In an haɗa biyu ko uku sai a huta, a ɗan yi hira, wani kuma ya ɗauko nasa. Taken nasu ba na wani sarki ko attajiri ba ne, yawanci na rawa ne, kuma suna da su dubbai. Wani ɗan ci-raninsu mai suna Francis O'Neill, wanda ya zama shugaban 'yan sandan birnin Cikago a Amurka, ya tattara guda 1,850 ya buga a littafi ɗaya a 1903.

Kayan kiɗan kuwa, akwai goge irin nasu mai tsirkiya huɗu, wanda ake ɗorawa a kafaɗa. Akwai sarewar katako da ake busawa a karkace, da wata 'yar sarewar ƙarfe mai huda shida, wadda da ita yaransu suke fara koyo. Akwai ganga mai fuska ɗaya kamar bandiri, da fatar akuya, suna ce mata bauran. Akwai wani akwati mai maɓallai da ake ja ana matsewa, babba da ƙarami. Sa'an nan akwai abin da ya fi ba ni mamaki, wata irin algaita mai jaka da suke kira ilan, kalmar da ta fito daga sunan gwiwar hannu a harshensu. Ba da baki ake busa ta ba. Makaɗin yana zaune, ya maƙale zuga-zugi irin na maƙera a hammata ɗaya, jakar iska a ɗaya hammatar, yana zuga yana matsawa, yatsunsa suna aiki. A 2017 hukumar UNESCO ta sa wannan busa cikin jerin al'adun duniya da ake kiyayewa. Akwai kuma banjo, shi kam ɗan gida ne ya yi nisa: asalinsa daga Afirka ta Yamma ne, bayin da aka kwashe zuwa Amurka su suka tafi da fasaharsa, dangin gurmi ne da molo.

To, yaya ake samun wannan zama? Nan ne ni na fara yin kuskure, bari in ba ku labari don wani ya tsira. Daren farko na tambayi yaron da ke tsaron teburin masaukinmu, ya nuna mini wani gida a tsakiyar gari. A ƙofa an kafa allo da manyan baƙaƙe cewa ana kiɗan gargajiya kullum. Na shiga na tarar da mutum biyu a kan dandamali da jita da makirfo, lasifika kamar za ta fasa kunne, gidan cike da baƙi 'yan yawon buɗe ido suna ihu suna ɗaukar hoto. Na sayi lemo kwalba ɗaya a kan kuɗin da na kusa neman a sake lissafi. Na fito ina cewa ashe abin da ake ta zuzutawa ke nan. Alhaji, kai ɗan kasuwa ne, ka san hatsin bakin buhu daban, na gindi daban, sai an zura hannu. Ni bakin buhu na gani.

Sai a kwana na uku na shiga wani kantin sayar da kayan kiɗa, na tarar da wani dattijo yana gyaran goge. Na gaya masa abin da nake nema. Ya dube ni ya yi murmushi, ya juya bayan wata takardar rasit ya rubuta mini sunaye uku, kowane da ranarsa da lokacinsa. Daga wannan 'yar takarda na koyi darasin da zan ba yaronka, kashi biyar.

Na farko, matambayi ba ya ɓata, amma fa in ya tambayi wanda ya sani. Mai masauki da direban tasi inda baƙi suke cika za su tura ka, don a zatonsu abin da kowane baƙo yake so ke nan. Makaɗi ake tambaya. Mai kantin kayan kiɗa, ko malamin da ke koyar da kiɗa, ko wanda ka gani a tashar bas da akwatin goge a hannu. In ka sami zama ɗaya na gaskiya, to ka sami sauran, don a lokacin hutu kowane makaɗi zai gaya maka inda zai je gobe da jibi.

Na biyu, kowane zama da ranarsa, kamar kasuwa. Wanda ya kai shanu Maigatari ran Litinin ai sai ya jira Alhamis, wanda ya je Wudil ran Talata sai ya jira Juma'a. Haka abin yake. Wata mashayar ran Talata kaɗai ake kiɗa, wata Laraba, wata Lahadi da rana. Yawanci ana farawa wajen ƙarfe 9 ko 9:30 na dare, kuma daren tsakiyar mako ya fi daren Asabar daɗin saurare, don hayaniya ba ta kai ba. Akwai wani shafi a intanet mai suna The Session inda makaɗa suke rubuta wuraren zama gari-gari, da rana da lokaci, yana da amfani ƙwarai. Amma zama yakan tashi daga wannan gida ya koma wancan in mai gida ya sauya ko jagoran ya ƙaura, saboda haka a buga waya a tabbatar kafin a kashe kuɗin mota.

Na uku, kada allo ya ruɗe ka, ido da kunne su ne alƙalai. In ka leƙa ka ga dandamali da lasifika, makaɗa suna fuskantar jama'a suna neman tafi, wannan wasa ne aka shirya wa baƙi. Ba laifi ba ne, sana'a ce, amma ba shi kake nema ba. In kuwa ka ga mutane sun kewaye tebur, akwatunan kayan kiɗa a ƙarƙashin kujeru, tsoho ɗan shekara 70 kusa da yarinya 'yar shekara 20 suna bin take ɗaya, ba wanda ya kula da shigowarka, to ka iso. Yawanci ba a biyan kuɗin shiga.

Na huɗu, ga wurare biyu sanannu a Dablin da zai fara da su. Akwai Cobblestone a unguwar Smithfield, arewa da kogin Lifi da ya raba garin biyu. Jirgin cikin gari da suke kira Luas, jan layi, yana tsayawa a unguwar. Iyalin Mulligan ne suke riƙe da gidan, su kansu makaɗa ne, kuma kusan kullum akwai zama. Don ku san darajarsa a wurin mutanen gari, a 2021 aka nemi izinin gina otal mai hawa 9 a kansa, wanda zai cinye babban ɓangaren gidan. A watan Oktoba na shekarar makaɗa da jama'a suka fito zanga-zanga da kayan kiɗansu har ofishin hukumar birni, a watan Nuwamba kuma hukumar ta ƙi ba da izinin. Na biyun shi ne O'Donoghue's a titin Merrion Row, kudu da kogin, inda shahararriyar ƙungiyar nan The Dubliners ta fara haɗuwa a 1962, su Ronnie Drew da Luke Kelly da Barney McKenna. Shi yana cika da baƙi saboda sunansa, sai a je da wuri. Unguwar Temple Bar kuwa ita ce matattarar 'yan yawon buɗe ido, akwai kiɗa tun rana har dare, amma yawancinsa na lasifika ne, kuma kaya sun fi tsada.

Na biyar, in ya sami hutu ya fita daga Dablin ya nufi yamma, can ne gindin buhun. A birnin Galway akwai Crane Bar da Tig Cóilí. A gundumar Clare akwai garin Ennis, da wani ɗan ƙauye a bakin teku mai suna Doolin, wanda sunansa ya kai ko'ina saboda kiɗa kaɗai.

Sai ladabin wurin, don baƙo ko yana da ido makaho ne. Kujerun da ke kewaye da teburin na makaɗa ne, ko ka ga babu kowa a kai kada ka zauna. Ba a ɗaukar hoto ko murya sai an nemi izini. Ba a tafi a tsakiyar take, sai an kai ƙarshe. In wani ya fara waƙa shi kaɗai ba kiɗa, irin wadda suke kira shan-nos, watau tsohon yayi, to kowa shiru yake yi, har mai sayar da abin sha. Na ga wata tsohuwa ta rufe ido ta yi irin wannan waƙa da harshensu na asali, gidan da ke cike ya yi tsit, ban ji kalma ɗaya ba amma sai da tsigar jikina ta tashi. Wanda yake koyo kuma ba ya tsoma baki sai ya san taken, ko an ce masa bismilla. Akwai zama na musamman na 'yan koyo inda ake kiɗa a hankali, can ake farawa.

Babban abin da ya bambanta su da mu shi ne, babu roƙo, babu kirari, babu liƙi. Ba wanda zai wasa ka, ba wanda zai ambaci kakanka. Ni da kiɗa ya ratsa ni a dare na farko da na sami zama na gaskiya, sai na zaro takardar Yuro 5 na miƙe zan manna wa mai goge a goshi. Wani abokin kwas ɗinmu ɗan ƙasar ya cafke mini hannu, ya ce in zauna kafin in kunyata mu duka. Ashe yawancinsu ba don kuɗi suka zo ba. Wannan malamin makaranta ne, wancan kafinta, waccan ma'aikaciyar asibiti. Mai gida yakan ɗan biya mutum biyu ko uku da suke jagorantar zaman don kada ya mutu, sauran kuwa sha'awa ce ta kawo su. In kana son godiya, ka jira hutu ka ce an gode, ko ka tambayi sunan taken. Wannan ya fi musu kuɗi daɗi. Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi.

Yanzu mu zo kan abin da ya hana ka barci. Ba wanda zai tilasta wa yaronka shan giya. Ana sayar da lemo da shayi da ruwa, ni da su na yi mako uku. Su kansu suna da masu ƙin sha da yawa, har ƙungiya gare su mai suna Pioneer da aka kafa a Dablin a 1898, 'ya'yanta suna maƙala 'yar alama a ƙirjin riga. Tun 2004 kuma doka ta hana shan taba a cikin mashaya. Abin da zai kula da shi shi ne al'adarsu ta saye bi da bi: in kuna tebur ɗaya, wannan ya saya wa kowa, sa'an nan wancan ya saya. Tun a zagayen farko ya faɗa a fili cewa shi ba ya sha. In ya faɗa sau ɗaya da fara'a, an gama. In ya yi nauyin baki, nan ne matsala take farawa.

In kuma kai da shi kun ga ko ƙofar ma ba za a taka ba, to kiɗan yana da waɗansu gidajen. Akwai ƙungiyar Comhaltas, ana faɗarta Koltas, wadda aka kafa a garin Mullingar a 1951 don raya kiɗan. Hedkwatarta tana unguwar Monkstown a kudancin Dablin, rassanta kuma suna koyar da yara da manya a makarantu da ɗakunan taron unguwa. Ita ce take shirya babban bikin shekara da ake kira Fleadh Cheoil, ana faɗarsa Fla Kiyol, a watan Agusta. An yi shi a Mullingar a 2022 da 2023, a Wexford a 2024 da 2025. Dubban ɗaruruwan mutane suke zuwa, kuma a bakin titi ma kiɗa ake yi tun safe, ba sai an shiga ko'ina ba. Akwai ƙungiyar masu busa ilan, Na Píobairí Uilleann, da aka kafa a 1968, gidanta yana lamba 15 titin Henrietta. Akwai ma'adanar kiɗan gargajiya ta ƙasa da aka kafa a 1987, a lamba 73 dandalin Merrion, inda mutum zai zauna ya saurari tsofaffin faya-fayai kamar yana laburare, sai dai ya tuntuɓe su kafin ya je. A watan Janairu akwai bikin TradFest a Dablin, wanda ake yin wasanninsa da yawa a manyan ɗakunan taro da tsofaffin gine-gine. A watan Yuli kuma akwai makon koyon kiɗa na tunawa da Willie Clancy a garin Miltown Malbay, ana yin sa tun 1973. Rediyonsu na ƙasa ma yana da shirin Céilí House a daren Asabar, wannan kam a ɗakinsa zai ji.

A ƙarshe, Alhaji, ga shawarata. Kada ka rufe shi da faɗa a waya, don yaron da ya gaya maka inda yake son zuwa bai fara ɓoye maka kome ba, in ka tsorata shi ne zai fara. In kun yi magana ka yi masa tambaya uku. Wace rana ake zaman, kuma ƙarfe nawa ake tashi? Waɗanne kayan kiɗa ya gani? Wa ya raka shi? Yawancin mashaya a can ƙarfe 11:30 na dare suke daina sayarwa daga Litinin zuwa Alhamis, 12:30 a daren Juma'a da Asabar, 11 ran Lahadi, zaman kiɗa kuma a nan yake watsewa. In ya ce maka ran Talata ne, an kewaye tebur, ya ga mai zuga-zugi a hammata da ganga kamar bandiri, ya koma ɗaki kafin sha biyu, to kiɗan gargajiya ya je ji. In kuwa ya ce lasifika ce da fitilu masu walƙiya har ƙarfe 2 na dare, to wannan wani abu ne daban, sai ka yi masa magana irin ta uba. Ka tuna masa kuma karatu ne ya kai shi, kuɗin hatsi ne ake aikawa, dare ɗaya a mako ya ishi mai son kiɗa.

Da fatan ka gamsu, Alhaji. Allah ya tsare mana yaranmu duk inda suke, ya dawo da su lafiya da abin da suka je nema. In yaron ya bi takardar nan ya je, ka sa shi ya rubuto mana abin da ya gani, mu karanta wa jama'a.

Masu sauraro, nan za mu dasa aya. Mako mai zuwa akwai wasiƙu biyu a kan ajiyar wake da maganin ƙwari, da wata a kan awon mudu da tiya. A ci gaba da aiko da tambayoyi, a rubuta da kyau, a sa sunan gari. Sai Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.